Miyar Tarigakowa

Ga ta nan, ga ta nanku. Wanda bai yarda ba yana iya zuwa ya gani da idonsa, sai dai ina ba shi shawara ya tafi da gishiri a aljihu.

Yamma da wani ƙauye da ake kira Tsamiyar Kura akwai wani falalen dutse mai suna Dutsen Amo. In rana ta gasa shi sosai, ka ɗauki ɗan dutse ka ƙwanƙwasa gefensa, sai ya yi ƙara kamar an bugi randar ƙarfe, ƙarar ta daɗe tana yawo cikin haƙoranka. Mutanen ƙauyen barkono suke shanyawa a kansa. Yayan matata kuwa, Farfesa Haladu, da ya ji labarinsa sai ya ce ƙofa ce.

Ni sunana Zailani. Ina koyar da tarihin mutanen farko a jami'a, wato ana biyana albashi in yi bayanin mutanen da ba za su iya tashi su ƙaryata ni ba. Farfesa shi masanin kimiyya ne, kuma ya daɗe yana cewa duniya ba ɗaya ba ce. A cewarsa duniyoyi suna nan jibge kamar tabarmi, ɗaya kan ɗaya, kowace da yadda al'amura suka kasance a cikinta, kuma in aka sami amon da ya dace ana iya ɗaga gefen tabarma a leƙa ta ƙasa. Ban taɓa yi masa musu ba. Ba a musu da yayan mata. Sai dai ka ce "haka ne, Yaya," ka ci gaba da cin tuwonka.

Farfesa mutum ne mai ladabi har abin ya zama ciwo. Maigadin ofishinsa ma "ranka ya daɗe" yake ce masa. Na taɓa ganinsa yana ba akuya haƙuri don ya taka mata igiya. A gidajen ma'aikata ya tashi, daga nan sai makarantar kwana, bai taɓa zama gaban kaka ba, kuma ban san wanda ya taɓa jin ya yi wa wani ba'a ba. Jikarsa Ikilima, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba, in aka kawo ta gidansa sai ya miƙe ya ba ta hannu su gaisa, ya tambaye ta ya karatu. Yarinyar takan dube shi kamar yadda ake duban likitan haƙori.

Cikin bazara ya ɗauke ni muka tafi Dutsen Amo, wai in duba wasu zane-zane da ke cikin kogon ƙasansa. Ya kwashe barkonon mutane bayan ya nemi izini har sau ba adadi, ya manna wayoyi a jikin dutsen, ya kunna wata na'ura mai ƙiftawa. Rana na tsaka, ya ɗauki dutse ya dinga bugawa daidai da ƙiftawar fitilar. Sai iskar da ke gefen dutsen ta tsage kamar tsohon labule. Farfesa ya gyara hularsa, ya yi sallama, ya shiga. Labulen ya rufe.

Na zagaya dutsen. Na kira sunansa cikin girmamawa, sannan na kira ba cikin girmamawa ba. Da na rasa abin yi sai na buga wa matata Uwani waya.

"Uwani, Yaya Farfesa ya shiga cikin dutse."

Ta ce, "To, Malam, kai me kake yi a waje?"

Na fara yi mata bayanin cewa abin yana buƙatar nazari, sai na ji muryarta ta karye. Ta ce, "Shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba. Shi ya ba ka ni, duk da shawarar da mutane suka ba shi. Ba ni da kowa sama da shi. Don Allah, Malam, kada ka dawo gidan nan kai kaɗai."

Uwani ba ta cika cewa "don Allah" ba. Na ɗauki dutsen, na bi ƙiftawar fitila, na yi bisimilla, na shiga.

Na sami kaina cikin wani dogon zaure marar rufi, fari fat kamar auduga, ƙofofi dama da hagu har iyakar gani. A tsakiya wani mahaluƙi yana tsaye, tsawonsa kamar giginya, fuskarsa kamar saman ruwan rijiya, kana ganin kanka a ciki amma ba ka ganinsa. Muryarsa ta fito daga ko'ina.

"Tsaya, ya kai ɗan duniyar hayaƙi da takardu. Ni ne Mai Tsaron Tsakani. Me kake nema a inda ba a yanke cibiyarka ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yayan matata nake nema."

Ya ce, "An zo nan neman zinariya, an zo neman mulki, an zo neman maganin mutuwa. Kai ne na farko da ya zo neman ɗan'uwan matarsa."

"Ni ma ba da son raina ba ne."

Ya miƙo hannu mai yatsu barkatai, ya ajiye mini wata baƙar tsakuwa a tafi. "Sa wannan ƙarƙashin harshenka, za ka ji maganar mutanen ciki, su ma su ji taka. Ɗan'uwanka ya karɓi irinta, ya yi godiya har na gaji. Ka sani dutse yana buɗewa ne muddin yana da zafi. Ruwan farko na damina in ya sanyaya shi, sai ya kurumce har wata bazarar. Ka kuma sani lokacinsu ya fi naku gudu. Ɗan jinkirin da ka yi kana zagaya dutse, a can kwanaki ne."

"Wace ƙofa ya shiga?"

"Ni mai tsaro ne. Nuna hanya ba ya cikin aikina."

Nan na gane ma'aikaci ne. Irinsu babu duniyar da ba su kai ba.

Sai na shiga leƙa ƙofofi. Ta farko ruwa ne daga ƙasa har sama, wani kifi mai girman tirela ya juyo ya dube ni da ido ɗaya, na ba shi wuri. Wata kuma rairayi ne zalla da rana biyu suna gardamar wadda za ta fi ƙuna. Wata na buɗe na ga gari irin namu sak, har da jami'a, sai dai na tarar an fara taron malamai a kan lokaci, kuma ga alama za a tashi da yanke shawara. Na rufe da sauri, don akwai abin al'ajabin da zuciya ba ta iya ɗauka. Ina cikin haka sai na hango takalma ƙafa biyu, baƙaƙe, an goge su, an jera su daidai a bakin wata ƙofa. Mutum ɗaya ne a duk duniyoyin Allah zai cire takalmi kafin ya shiga wata duniya. Na kwashe su na shiga.

Na fito a gindin Dutsen Amo, shi ɗin dai, har da tsagar da ke gefensa. Amma babu ƙauye, babu gona, babu hanyar mota. Inda Tsamiyar Kura take wani tafki ne shimfiɗe, dorinai suna hamma a cikinsa. Ciyawa ta fi ni tsawo. Wasu ɓaunaye masu ƙaho kamar an ɗora musu kwalekwale a ka suka wuce ni ba tare da sun ga na isa a kula ba. Can gabas kuwa, ƙasan sama, hadari ya fara yin baƙi.

Na bi sawun ƙafar mutum marar takalmi wanda bai saba tafiya ba takalmi ba. Sawun ya ratsa gefen tafki, ruwa ya kai mini ƙugu, wani kada ya raka ni da ido har na haye. Na kutsa cikin ƙaya ta karɓi rabin rigata. A bakin wani kwazazzabo na ji wani gurnani daga ƙasa. Na leƙa, na ga wata irin damisa mai girman sa, haƙoranta biyu na sama sun zubo kamar wuƙaƙen fawa. Na san ta. Ina da hoton ƙwarangwal ɗinta a ofis, kuma na sha gaya wa ɗalibai cewa ta ƙare tun da daɗewa. Ban tsaya sanar da ita ba.

Ina juyawa na yi karo da ƙirjin mutum.

Gajere ne, amma faɗinsa ya yi biyuna. Goshinsa ya turo gaba kamar rumfar shago, idanu suna zaune a inuwa ƙarƙashinta, haɓa kuwa babu. Jikinsa shafe da jar ƙasa, a hannunsa mashi mai bakin dutse. Bayansa akwai wasu irinsa. Shekara da shekaru ina koyar da mutanen nan daga guntun muƙamuƙi da rabin ƙoƙon kai, yau ga su da sauran jikinsu, kuma ba su yi kama da masu sha'awar lacca ba.

Na yi niyyar zubewa in kwashi gaisuwa, kamar yadda duk ɗan mutunci zai yi gaban mai mashi. Amma gwiwata ta dama, wadda likitoci suka gaji da ita, ta ƙi lanƙwasuwa. Na tsaya ƙiƙam kamar jarumi. Mutumin ya dubi ƙafafuna, ya dubi 'yan'uwansa, ya sauke mashin kaɗan.

Ya ce, "Ni ne Karya-Ƙashi. Wannan bai yi kwanton ɓauna ba. Mu kai shi wurin Tarigakowa."

Suka kai ni wani babban kogo da ke kallon tafki. A bakinsa wuta tana ci cikin wani rami da aka kewaye da duwatsu, kusa da ita wata tsohuwa tana zaune kan ƙoƙon kan giwa tana juya wani abu cikin ƙwaryar kunkuru. Ita ce Tarigakowa. Ban taɓa ganin tsufa irin nata ba. Fatarta kamar busasshiyar kuka, gashinta fari ya dunƙule kamar sheƙar tsuntsu, haƙori ɗaya ya rage mata, shi ma ya karkata kamar yana neman hanyar fita. Mutanen kogon suka kewaye mu, manya da yara, babu mai motsi.

Ta ce, "Ya kai mai ƙaramin goshi, mai ƙafafun zalɓe, wace iska ta yar da kai a ƙofata?"

Kafin in buɗe baki sai na ji wata murya daga wani rami can gefe. "Zailani? Kai ne? Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya ka baro su Uwani?"

Na leƙa. Farfesa ne a ƙasan rami, gemu ya fito masa, ya rame, amma hularsa tana zaune daidai.

Tsohuwa ta taso da sanda, ta zagaya ni, ta ja kunnena, ta shinshina rigata ta yi tsaki. Sannan ta sa yatsa ta caki tumbina, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Wannan cikin wata nawa ne? Wa ya yi maka shi?"

Karya-Ƙashi ya gyara riƙon mashi. Na dubi tsohuwar, bakina ya riga ya haɗa "Allah ya ba ki haƙuri," sai na ga wani abu a ƙarƙashin rumfar goshinta. Idonta yana rawa. Na san wannan idon. A ɗakin kakata Iya Delu na girma, wadda ba ta taɓa kirana da sunana ba sai "mijin banza" ko "angon da ba ya cefane," ni kuma ina ce mata "amarya mai haƙori ɗaya." Haka idonta yake yi in ta jefo magana tana jiran a rama. Ranar da ban rama ba sai ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi nake.

Na ce a raina, in mutuwa ce ma, gara ta same ni ina magana. Na ce, "Iska ce ta cika shi, tsohuwa. Tun da na aure ki ban ci abin kirki ba."

Ta zaro ido. "Ni ce matarka? Kai ɗin, da ko ɓera ba za ka iya kamowa ba?"

"Ke ce mana. Amma yau zan sallame ki. Na ga haƙoranki ma sun riga ki kwashe kaya."

Wata yarinya ce ta fara ƙyalƙyalewa. Sai kogon ya ɗauka gaba ɗaya, dariya irin ta masu faɗin ƙirji, kamar ana mirgina ganguna. Karya-Ƙashi ya dafa kafaɗata don jin daɗi, kafaɗar ba ta koma daidai ba har yau. Tsohuwa ta buga mini sanda a ƙwauri, ta ce, "Jikana ne. Mummuna ne, amma jikana ne. Ku ba shi wuri."

Da na zauna na nuna ramin, na ce, "Kaka, wancan fa? Ɗan'uwana ne, don shi na zo."

Fuskarta ta canza. Ta ce, "Saurara, mai ƙafafun zalɓe. A nan, abin da ke durƙusawa gabanka shi ne abin da zai yi tsalle ya kama maƙogwaronka. Mai Fiƙa da ke kwazazzabo haka take yi. A zamanin kakar kakata wasu sun fito daga dutsen nan, masu santsin baki. Suka durƙusa, suka yabi wutarmu, suka yabi 'ya'yanmu. Da gari ya waye babu su, babu 'ya'yan. Tun daga ranar, duk baƙon da ya zo sai mu tsokane shi. In ya rama yana dariya, namu ne, don ba ka wasa da wanda kake shirin ci. In ya sunkuya yana zuba zuma, farauta ya zo. Wancan tun da ya iso yake durƙuso. Na ce masa kansa kamar ƙwan jimina, ya ce ya gode. Na ce masa warin jikinsa ya kori ƙudaje, ya ce Allah ya ƙara mini lafiya. Ban taɓa ganin mugu irinsa ba. Kafin ruwa ya sauka za mu kai wa Mai Fiƙa shi."

Na ce, "Wallahi ba mugu ba ne. Tarbiyya ce ta yi masa yawa."

"Bakinka ya fanshe ka kai kaɗai. In jinina ne, ya faɗa da nasa."

Na kwanta a bakin ramin, na zura kai. Tun da na auri Uwani ban taɓa ba mutumin nan umarni ba, ko ruwa zan miƙa masa sai na rusuna. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Dole ka zagi tsohuwar nan."

"Subhanallahi! Zailani, dattijuwa ce. Sa'ar kakata ce."

"Shi ya sa. Wasan jika da kaka take nema. Ka ce mata mummuna, ka ce ka fasa auren, ka ce komai."

Ya ce a hankali, "Ban san kakata ba. Ban san yadda ake yi ba. Na yi musu duk ladabin da na iya."

"Ladabin ne zai kashe ka, Yaya. Uwani tana can tana kuka."

Aka ciro shi da igiyar fata, aka tsayar da shi gabanta. Gwiwoyinsa suka fara sauka da kansu, na riƙe shi ta bayan riga. Ya yi gyaran murya, ya ce, "Hajiya, tare da dukkan girmamawa, kuma ba don raini ba, ina ganin gashinki zai amfana da ɗan gyara, in hali ya samu."

Wata mata ta janye ɗanta ta ɓoye a bayanta. Tarigakowa ta girgiza kai, ta ce, "Kun ji ko? Ku ɗauke shi."

Suka ɗauke shi kamar buhun gero. Na bi su ina roƙo, ina tsokana, ina zagin kowa da kowa har da waɗanda ba su yi mini komai ba, suna dariya suna ci gaba da tafiya. Iska ta taso mai ƙamshin ruwa. Hadarin ya riga ya ci rabin sama. A bakin kwazazzabo suka dire shi, gurnanin ya taso daga ƙasa, kuma a karo na farko tun da na san shi na ga hular Farfesa ta karkace.

Ashe suna da al'ada, ba sa sallamar kowa da yunwa, ko da wanda za a jefa ne. Tsohuwa ta sa aka kawo ƙwaryar kunkurun nan da take juyawa. Na leƙa ciki. Ruwa ne mai launin toka, da saiwoyi, da katantanwa, da wani abu da ban so in san sunansa ba. Ita Farfesa yake sha tun da ya zo, kullum yana cewa madalla. Ya karɓa da hannu biyu, ya kurɓa, ya haɗiye da ƙyar.

Ta ce, "Ya kai baƙo mai zuma a baki, wannan ce ta ƙarshe. Yaya ka ji ta?"

Ya buɗe baki, na ga "madalla" ta taho har ta kai leɓe. Sai ya dubi kwazazzabon, ya dubi ƙwaryar. Wani abu da ya shekara sittin a ɗaure ya tsinke.

"A'a. Wallahi ba zan mutu da ƙarya a bakina ba. Babu daɗi! Tun ranar da na zo babu daɗi! Wannan ba miya ba ce, ruwan wanki ne aka jefa wa katantanwa don ta wulaƙanta. Ba gishiri, ba daddawa, ba tausayi! An ce kin riga kowa zuwa duniya, to duk shekarun nan me kika zauna kina yi da ba ki koyi girki ba? Dabbar nan ta ƙasa, ku zuba mata wannan ku gani in ba ta yi ƙaura ba!"

Tsohuwa ta matso har hancinta ya kusa taɓa nasa. "Marar kunya! Ƙwarya nawa ka shanye kana lashe baki?"

"Tsoro ne, ba daɗi ba! Duk wanda ya tashi da safe ya ga wannan fuskar, ko me aka ba shi zai sha!"

Tarigakowa ta yi baya taga-taga, ta zauna daɓas a ƙasa, ta riƙe ciki. Dariya take har haƙorin nan ɗaya yana kaɗawa, hawaye na bin kwarin fuskarta. Mutanenta suka zube suna dukan ƙasa. Karya-Ƙashi, wanda ashe shi ma ya daɗe yana shan miyar nan, ya rungume Farfesa yana cewa, "Faɗa mata! Ƙara faɗa mata!"

Farfesa ya juyo gare ni. "Zailani, na yi rashin kunya, ko?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Yaya. Allah ya ƙara basira." Na miƙa masa takalmansa. Sai a lokacin na sami wuri na zauna.

Tsohuwa ta share hawaye, ta ce, "Shi ma jikana ne. An dai lalata shi ne a wurin reno." Ɗigon farko ya faɗo mata a goshi.

Na yi tsalle na miƙe, gwiwar ma ta manta da ciwonta. Na ce, "Kaka, dutsen! In ya huce mun zauna nan har wata bazarar, kuma miyarki za mu sha."

Wannan ya isa hujja ga kowa. Muka kwasa da gudu, Karya-Ƙashi ya goya tsohuwa, don ta ce ba a sallamar jika ba rakiya. Muka ratsa ƙaya, muka faɗa tafki, kadan nan ya ga yawanmu ya canza shawara. Kafin mu isa ruwa ya kece. Dutsen Amo yana ta tururi kamar tukunya. Farfesa ya ɗauki dutse ya buga, ya yi wani ƙif kamar an bugi katifa. Ya sake. Ƙif.

Tarigakowa daga bayan Karya-Ƙashi ta daka tsawa. Sai ga mata sun taho a guje da garwashi cikin ƙwaryar kunkuru, an rufe da ganye, wutar kogonsu ce da ba su taɓa bari ta mutu ba. Suka juye ta kaf a ƙarƙashin wata rumfar dutsen inda ruwa bai kai ba, suka tara busasshiyar ciyawa, suka durƙusa suna hurawa. Na ce mata, "Kaka, in ta mutu fa?" Ta ce, "Sai mu ci ɗanye. Ai ɗan'uwanka ya ce ba za a ji bambanci ba."

Da wurin ya yi zafi Farfesa ya buga. Dutsen ya amsa, ƙarar ta shiga haƙora, iska ta tsage.

Tsohuwa ta sa aka sauke ta. Ta lakato jar ƙasa daga jikinta ta shafa mana a goshi. Ta riƙe fuskar Farfesa da hannu biyu ta daɗe tana dubawa, ta ce, "An ce mana 'ya'yan da aka tafi da su ta dutsen nan sun mutu. Ashe ramewa kawai suka yi." Sannan ta juyo gare ni. "Irinku suna da yawa a can?"

"Mun cika ko'ina."

"Irinmu fa?"

Na tuna akwatin gilashin da ke ofishina, da guntun muƙamuƙin da ke ciki. Na ce, "Tsofaffi masu tsiwa da mugun girki? Kowane gida akwai ɗaya, Kaka. Ba ku ƙare ba."

Ta gyaɗa kai, ta gamsu. Na lalubo goro ɗaya da ya rage a aljihuna na ba ta, na ce ga cefanen da take ta ƙorafi. Ta gatsa da haƙorin nan, ta yamutsa fuska, ta ce, "Kuma ku ne masu zagin miyar mutane. Ku tafi, mazan banza." Ta tura mu ciki da sanda.

Mai Tsaron Tsakani ya karɓi tsakuwoyinsa. Ya dubi Farfesa, ya ce, "Ka sami abin da ka je nema, ya kai mai yawan godiya?" Farfesa ya ce, "Na samu, dogo. Kai kuma da ka nuna wa mutane hanya da tsawonka bai ragu ba." Fuskar ruwan nan ta yi wata 'yar igiya. Ina zaton dariya ce.

Muka fito a duniyarmu ana kiran la'asar. Na'ura tana ta ƙiftawa, wata mata tana mayar da barkononta kan dutse tana harararmu. Wayata ta yi ƙara. Na miƙa wa Farfesa, ya ce, "Uwani, ni ne," na koma gefe don in ba su wuri, kuma don wani abu ya faɗa mini a ido.

Da muka isa gidansa an cika, har an fara shimfiɗa tabarmin makoki. Uwani ta riƙe hannun yayanta ta ƙi saki, ni kuma ta dube ni ta ce, "Malam, ina rabin rigarka?" Wannan a wurinta godiya ce, na karɓa. Ana cikin haka aka turo Ikilima ta gaida kakanta. Ta taho a ɗarare, ta miƙa hannu kamar yadda ta saba.

Farfesa bai karɓi hannun ba. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ɓata fuska, ya ce, "Ke, wace irin mata ce ke? Mijinki ya dawo daga tafiya, ko ruwa babu? To na fasa auren."

Uwani ta dube ni tana neman bayani. Yarinyar ta tsaya, hannunta a miƙe. Sai na ga idonta ya fara rawa. Ta janye hannun ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Dama wa zai aure ka? Tsoho da kai, ga gemu kamar na bunsuru!"

Farfesa Haladu ya yi dariya har hularsa ta faɗi ƙasa, kuma bai ɗauka ba. Ikilima ce ta ɗauka, ta haye cinyarsa, ta kifa masa ita a karkace.

Ƙurunƙus. Kan kusun ma da na kawo muku tsaraba, amma Tarigakowa ta riga ta jefa shi a miya.